A Bushe Na Yanka Shi

Litinin, 3 ga wata, 7:20 na safe

Maiɗakina ce ta ce na fara magana ni kaɗai kamar sabon kamu, gara in nemi takarda in riƙa zuba mata. To, ga takardar. Ba wai wani abu ke damuna ba. Ba abin da ke damuna.

Shekara ashirin da shida ke nan ina yanka duwatsu a ɗakin ƙasa na wannan cibiya ta bincike. Masana su kawo dutse, ni in fitar musu da yanki siriri wanda haske ke ratsawa, su ɗora a madubin ƙara girma su yi ta rubuce-rubucensu. Baba Zarto suke ce mini, daga shugaba har mai shara.

Wata biyu da suka wuce aka aro wa Farfesa, babban masaninmu, wani dutse daga wata ma'ajiya ta ƙasar waje. Bai kai ƙwan kaza ba, baƙi ƙirin, in a hanya ka gan shi sai ka shure shi ka wuce. Amma masana sun ce daga duniyar Mas ya ɓallo, wadda muke ce wa Jar Duniya, ya yi ta gararamba a sararin sama har ya faɗo cikin hamada. Masu shi sun yarda a yanka sau ɗaya tak, kuma da sharaɗi: a bushe. Ko ɗigon ruwa kada ya taɓa shi, don abin da Farfesa ke nema a cikinsa ke nan, ruwa. Ni na yanka shi, ranar Alhamis ta sati biyu da suka wuce, na naɗe yankin a takarda na sa a kwalba na rufe. A bushe na yanka shi.

Ranar Juma'ar da ta wuce Farfesa ya ga gishiri a cikin wata tsaga ta yankin, ga kuma 'yan ɗigo-ɗigon ruwa tare da gishirin, waɗanda ido ba ya gani sai da madubi. Ruwa, bai daskare ba, bai ƙafe ba, daga wata duniya! Ya ce inda duk ruwa yake, ana iya samun rai. Tun ranar ginin nan ya ɗauka kamar gidan da aka yi haihuwa. Har mai shara ta leƙo tana tambayata ko can ma ana shanya.

Ni ma ina murna. Wa ya ce ba na murna?

Litinin ɗin dai, 1:15 na rana

Sabuwar daktar nan ta sauko ɗakina. Watanta huɗu a nan, ba a ma tabbatar mata da aikin ba tukuna, amma ta fi kowa baki. Dakta Me-ya-sa nake ce mata a raina, don ko gaisuwa ka yi mata sai ta nemi dalili. Ita aka ɗora wa aikin neman rai a dutsen: tana kankaro garinsa ta zuba a 'yan farantan gilashi masu abincin ƙwayoyin halitta, ta rufe, ta jira ko wani abu zai tsiro.

"Baba, sannu da aiki. Da wanne ka yanka shi?"

Na nuna mata ƙaramin zarto.

"Faifan zarton sabo ne?"

"Sabo fil. A gaban Farfesa na yage ledarsa."

"Wannan tiyon fa, na mene ne?"

Na ce na ruwa ne, kowane zarto yana da nasa, amma ranar a rufe yake. Ta ce, "To, madalla," ta rubuta wani abu a ɗan littafinta.

Me ta rubuta? Ai ba a rubuta madalla. In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Shekara ashirin da shida ba wanda ya taɓa tambayata tiyo, sai wannan da na girmi ubanta a aikin.

Talata, 4 ga wata, 4:00 na yamma

Sau biyu ta gaishe ni yau. Sau biyu.

Laraba, 5 ga wata, 12:30 na rana

Masu digirin nan sun ɗauka yankan dutse danna maɓalli ne kawai. Ina! Ƙarfe da dutse in suka haɗu zafi suke yi, faifan ya ƙone, dutsen ya tsage. Shi ya sa ake yanka da ruwa, yana zubowa a kan faifan daga ɗan famfon da ke gefen hagu. Wanda ya koya mini aikin, Allah ya jiƙansa, da rula yake zama kusa da ni. In na manta, ji kake ƙwas a bayan hannu. Hagu ya buɗe famfo, dama ya danna maɓalli. Hagu, dama. Har ya zama ko hira ake yi mini, ko hankalina yana gida, hannuwan su suke aikinsu ba sa jirana. Tun da na kama aiki ban taɓa ƙona faifai ko ɗaya ba, a tambayi kowa.

Ban san me ya sa na rubuta wannan ba. Don dai a san ni ba ɗan koyo ba ne.

Juma'a, 7 ga wata, 5:10 na yamma

Wani abu ya tsiro a farantin Dakta. 'Yan tabo uku, fari-fari, kamar ɗigon madara. Masu rai ne.

Farfesa ya sa aka kira kowa sama. Ban taɓa ganinsa haka ba, tsoho da furfurarsa yana zagaya teburi yana tafa hannu. Ya ce in wannan ya tabbata, to ba mu kaɗai ba ne a cikin halittar Allah masu numfashi, kuma daga ɗakin nan duniya za ta ji. Sai ya kamo kafaɗata a gaban mutane.

"Mutumina, wannan karon sunanka zai fito a takardar. Na uku, bayan nawa da na Dakta. Shekara da shekaru kana yi mana yanka muna cin suna, ya isa haka."

Wallahi na ji daɗi. Na kasa ko godiya. Mutumin nan shi ya tsaya mini shekarar da aka so a rufe ɗakin yanka, shi ya je gaban shugabanni ya ce in an kore ni shi ma ya tafi. Ba ni da wanda na yarda da shi a ginin nan kamarsa.

Sai ga muryar Dakta. "Ranka ya daɗe, mu aika wa wani ɗakin gwaji su duba tukuna. Ya yi saurin tsirowa. Abin da ya fito daga duniya mai tsananin sanyi, me ya sa zai ji daɗin ɗuminmu haka?"

Farfesa ya ce, "Ke kam ko aljanna aka sa ki sai kin tambayi me ya sa." Aka yi dariya. Ya yarda a aika, amma kafin a watse na ji shi a waya yana yi wa shugaban cibiya albishir.

Lokacin da take maganar ni take kallo. Ko ƙofar da ke bayana. Amma me za ta kalla a jikin ƙofa?

Asabar, 8 ga wata, 11:00 na safe

Babbar 'yata, malamar makaranta, ta zo gida da wata jaka cike da takardu. Ashe uwarta ta kai mata labari, ita kuma ta kai wa ajinta. Yaran sun zana halittun Jar Duniya, wani da ido bakwai, wani yana iyo a cikin kofi.

"Baba, sun ce in tambaye ka, suna da baki? Na ce musu babana ne ya yanka dutsen da hannunsa."

Na ce, "Wa ya aike ki? Abin da ba a gama ba har kin buga masa ganga?"

Ta mayar da takardun jaka ɗaya bayan ɗaya. Uwarta ta ce, "Haba Malam, yarinya tana alfahari da kai ka hau ta da faɗa?" Na shige ɗaki. Raina ya ɓaci da kaina, don tun tana ƙarama ban taɓa ɗaga mata murya irin haka ba.

Litinin, 10 ga wata, 8:05 na safe

An shiga ɗakina.

A ƙarƙashin ƙaramin zarto akwai tankin da famfon ke jan ruwa daga ciki. Murfinsa yana da tsaga a kusurwa ɗaya, kuma kullum bango nake juya wa tsagar. Yau na tarar tana kallona. Na tare mai shara, ta rantse ba ta taɓa komai nawa, ta ce ko tsintsiyarta tsoron injinan nan take ji. Mabuɗin ɗakin nan uku ne: nawa, na mai shara, da wanda ke rataye a ofishin sama, inda kowa ke iya miƙa hannu. Akwai lauje cikin naɗi.

Na zubar da ruwan tankin. Ƙasansa ya yi gansakuka kore shar, har da santsi. Na wanke shi da bilic sau uku, na wanke tiyon, na wanke famfon, na goge ƙasa.

Wankin wata-wata ne. Gaskiya ne sai sati mai zuwa lokacinsa zai yi, amma ai tsabta ba ta da rana.

Talata, 11 ga wata, 1:00 na rana

Bilic ya cinye mini fatar yatsu. A bushe na yanka shi.

Alhamis, 13 ga wata, 6:15 na yamma

Famfon banɗakinmu yana ɗiga. Wata uku yana haka ban kula ba, yau na ji kamar a cikin kaina yake ɗiga. Na ɗauko sifana na matse shi har na karya kan.

Kuma littafin nan. A ƙarƙashin rigunana na bar shi, bangonsa na sama, na tarar da shi a kife. Na tambayi maiɗakina. Ta ce, "Ni da sati guda ina neman tabarauna, da me zan karanta? Guga na ajiye maka." Sai ta tsaya tana kallona. "Malam, kwana goma ba ka gama abin da ke kwanonka. Ruwa ba ya tsami banza."

Duk karin maganar da ke duniya, sai wannan ta zaɓo.

Juma'a, 14 ga wata, 3:40 na yamma

Sakamakon ya dawo. Abin da ya tsiro ba baƙo ba ne, ɗan gida ne. Ƙwayar halitta ce ta nan duniyarmu, irin wadda ke zama a tankuna da bututun ruwa da wurin wanke hannu.

A tsaye Farfesa ya karanta saƙon, ya sake karantawa, ya cire tabarau ya ajiye. Shugaban cibiya ya riga ya gayyaci 'yan jarida ranar ashirin ga wata, yanzu sai a bi su ɗaya-ɗaya a ba su haƙuri. Ransa ya ɓaci matuƙa. Ya kafa kwamiti na mutum uku, kuma ya ce da bakinsa duk wanda ya jawo mana wannan abin kunya ya kwashe kayansa. Hanya biyu ce kawai ƙwayar za ta bi ta shiga: ko wajen yanka, ko wajen faranti. Ko ni, ko Dakta.

Na tsaya ina jiran ta buɗe ɗan littafin nan nata ta nuna ni. Ba ta buɗe ba. Zama ta yi a kujera kamar an zare mata laka, tana kallon tafin hannunta.

Wannan ma dabara ce. Kwamitin take jira.

Litinin, 17 ga wata, 10:20 na safe

In na shigo wuri sai a yi shiru. Na wuce masu shan shayi a baranda, ɗaya ya ce "ƙasa," ko "ƙarya," ban ji da kyau ba. Da na matso sai na tarar Dakta suke yi da ita. Wai akwai wurin wanke hannu dab da teburinta, wai sabuwa ce, wai rawar kai ta yi mata yawa.

An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ni ba kaza gare ni ba, kunne ne kawai gare ni.

Talata, 18 ga wata, 2:30 na rana

Na shiga gaban kwamiti. Shugabar wata dattijuwa ce daga sashen sinadarai, ba ta dariya. Farfesa yana zaune a gefe a matsayin mai aikin.

"Baba, ruwa ya taɓa dutsen nan a hannunka?"

"A'a, ranki ya daɗe. A bushe na yanka shi."

"Ka tabbata?"

Kafin in buɗe baki Farfesa ya karɓe. "Mutumin nan shekara ashirin da shida muna tare. In ya ce a bushe, to a bushe ne. Ni shaida ne."

Sun sauka sun duba ɗakina, suka ɗebi ruwan tankin. Ɗaya daga cikinsu ya ce bai taɓa ganin tanki mai tsabta irin wannan ba.

Da muka koma sama shugabar ta tambaye ni ko na taɓa ganin Dakta tana aiki ba safar hannu. Ni ban kai ƙararta ba, a rubuta wannan. Tambayata aka yi. Na ce sau ɗaya na ga ta zare ta hagu ta amsa waya. Gaskiya ce, na gani. Ban dai ce musu a baranda ne ba, kuma ba su tambaya ba.

Laraba, 19 ga wata, 4:50 na yamma

An dakatar da ita. Ƙarshen wata za a sallame ta, da takardar da ba wata cibiya da za ta sake ɗaukarta.

Na ji sanyi a raina. Zan rubuta yadda yake: na ji sanyi. Allah na tuba.

Juma'a, 21 ga wata, 12:10 na rana

Ta zo kwashe kayanta, ta sauko ƙasa da kwali a hannu. Na ce to, yau ake yinta. Na miƙe tsaye, na shirya amsa.

"Baba, sallama na zo yi maka. Kuma in nemi gafara. Ni na shiga ɗakinka ranar Asabar ɗin can da mabuɗin sama. Na so in ɗebi ruwan tankinka in gwada, sai na ga bai kamata ba tare da izininka ba, na mayar da murfin. Da na dawo Litinin in roƙe ka, na tarar ka wanke shi tas."

Na ce wankin wata-wata ne.

"Na sani. Haka kowa ya ce, ba a kama ka da ƙazanta." Ta gyara riƙon kwalin. "Ni ce, Baba. Na bi aikin nan a kaina ya fi sau ɗari, ban ga inda na kuskure ba, amma tunda ba kai ba ne, ai ni ce. Na sa an zubar maka da sunanka da zai fito a takarda. Ka yafe mini."

Na kalli hannuwanta. Duk sun tsage, sun yi ja, irin na wanda ke wankewa ba ƙaƙƙautawa.

Ta ce abin da ya fi ci mata rai ba aikin ba ne. Ta ce gishirin nan na can ne da gaske, ta auna. Wataƙila a wani zamani an yi tafki a Jar Duniya, wataƙila har yanzu akwai ruwa kwance a ƙarƙashin ƙasarta, da wani abu a ciki yana motsi. Tun tana 'yar shekara tara take son sanin wannan. Ta ce, "Allah ya sa dai maganar ruwan ta tsira, tunda kai ka yanka shi a bushe. Ko ita kaɗai ta isa."

Ta hau matakala ta tafi. Na zauna ina juya maganarta, ina neman inda ƙugiyar take. Na nema, na nema. Babu ƙugiya.

Asabar, 22 ga wata, 9:00 na safe

Ban fita ba.

Lahadi, 23 ga wata, 4:30 na yamma

Sakan uku ne. Ko huɗu.

Ranar yankan, na ɗaura sabon faifai, na sa takunkumi da safar hannu, Farfesa ya fita amsa kira. Na daidaita dutsen. Ina faɗa wa kaina a bushe, a bushe, kamar mai karatu. Dama ya tafi ga maɓalli, hagu kuma ya riga shi. Sai da na ga dutsen yana ƙyalli sannan na gane ruwan tanki ne ke zuba a kansa, a kan tsagar da faifan ya fara buɗewa. Na rufe. Na tsane shi da takarda, na hura masa iska har ya bushe a ido, na ƙarasa yankan. Da Farfesa ya dawo ya ce, "Lafiya?" na ce lafiya lau.

Da tiyon na cire tun farko, da shi ke nan. Ban cire ba don na yarda da kaina. Sabo turken wawa.

Tsoro ne ya hana ni faɗa. Dutse ɗaya, yanka ɗaya, ga shi saura shekara biyu in yi ritaya da mutuncina. Na ce zai bushe, ba wanda zai sani. Sati uku ina zargin yarinyar mutane, da mai shara, da matar da na yi shekara talatin da ita, alhali ɓarawon yana cikin rigata.

Gobe zan sami Farfesa. Shi zai san yadda za a yi.

Litinin, 24 ga wata, 11:45 na safe

Na faɗa masa duka, a tsaye. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Rufe ƙofa." Na rufe.

"Zauna, mutumina. Ban ji abin da ka ce ba."

Na ɗauka tsufa ne, na fara maimaitawa. Ya ɗaga hannu.

"Saurara. In laifin na faranti ne, maganar rai ce kaɗai ta mutu, maganar ruwa tana nan. Takardar za ta fito, da sunana da naka. In kuwa famfonka ne, to ruwan ma ya mutu. Ko da rabinsa na can ne da gaske, wa zai yarda? Masu dutsen za su karɓe abinsu, ba za su sake ara wa cibiyar nan ko tsakuwa ba. Shekara talatin ina jiran dutse irin wannan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar fa?"

"Yarinya ce, za ta sami wani abin yi. Mu ne ba mu da lokaci."

Na ce amma ai ruwan da ya gani wataƙila na tankina ne.

Sai ya ce, "Ka ɗauka ranar da na buɗe kwalbar ban ga takardar da ka naɗo shi ta yi laushi ba?"

Ashe tun ranar farko ya sani. Ya sani yana tafa hannu, ya sani yana kama kafaɗata, ya sani lokacin da ya ce wa kwamiti shi shaida ne. Sunan da ya sa mini a takarda ba kyauta ba ce, takunkumi ne. Kowa na zarga a ginin nan ban da shi.

Ya raka ni har bakin ƙofa, ya ce in gaida iyali.

Talata, 25 ga wata, 6:00 na yamma

Na faɗa wa maiɗakina. Tana tsintar wake a tire, ba ta ɗago ba har na kai ƙarshe. Na ce mata in na yi magana korata za a yi, kuma Farfesa zai ce ƙarya nake, tsufa ne ya taɓa ni. In na yi shiru, ba mai sake tayar da zancen har abada.

Ta ce, "'Yar mutanen nan, sa'ar wa ce?"

Na ce sa'ar babbar 'yarmu ce, ko ta girme ta da shekara ɗaya.

Ta ce, "To." Ta ci gaba da tsintarta. Ba ta ƙara ko kalma ba, kuma na fi son da zagina ta yi.

Laraba, 26 ga wata, 5:20 na yamma

Na rubuta wasiƙa zuwa ga shugabar kwamiti, shafi biyu. Kafin in kai na ce sai Dakta ta fara ji. Na nemi kwatancen gidansu, na je da rana. Mahaifiyarta ce ta buɗe, ta ce, "Kai ne Baba Zarto? Kullum tana yabonka." Ta kawo mini kujera.

Dakta ta fito, na miƙa mata wasiƙar. A tsaye ta karanta. Ina kallon idonta yana sauka layi-layi, har ya kai wurin safar hannu da baranda. Nan ta tsaya.

"Kwana goma sha biyu, Baba. Kwana goma sha biyu ina cewa ni ce. Na zo har ɗakinka na roƙe ka gafara, kana kallona."

Na ce haka ne.

"Ruwan ma ke nan ya tafi."

Na ce ya tafi. Sai a nan hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu da sauri, kamar ta ji haushin kanta.

Ta ninke wasiƙar ta mayar mini. Na ɗauka cewa za ta yi in bar ta.

"Ba na son takarda. Takarda ɓata take yi a ofis, yanzu na san wa ke ɓatar da ita. Gobe ƙarfe tara kwamiti zai zauna ya sa hannu a kan korata. Da bakinka za ka faɗa, a gabansa, ina wurin."

Na ce to.

"Ban ce na yafe ba."

Na ce ban roƙa ba tukuna.

Alhamis, 27 ga wata, 8:52 na safe

Ina kan benci a bakin ɗakin taro. Farfesa ya zo wucewa, ya ganni, ya tsaya cak. Ya ce, "Mutumina, ai ba a kira ka yau ba." Na ce na sani, ranka ya daɗe. Ya shige ciki.

Tsoro nake ji. Ga Dakta nan tana hawowa.